Mai Gogen da Ya Ƙi Karɓar Wasiƙunsa

Tun kafin a sa ranar aurenta mahaifin Ozella ya gaya mata cewa in tana son sanin zaman gidan mai goge, ta je ta dubi rufin ɗakinsa. Ba ta ji ba. Shekarunta goma sha tara a lokacin, kuma ta riga ta ga Lemuel Stidham a wurin gayyar ɓarar masara, zaune a kan kututture, dogo siriri mai manyan kunnuwa, yana jan goge har tsofaffin da gwiwa ta hana su zuwa coci suka miƙe suna taka rawa. A kakar 1919 aka ɗaura musu aure, ta tare a gidansa na katako a Rafin Laurel, can cikin duwatsun gabashin Kentucky. Ruwan farko da aka yi bayan tarewarta, tukunya uku ta tara a tsakar ɗaki.

Lem ba mashayi ba ne, ba ya caca, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Wannan ma shi ya fi ƙona mata rai, domin ba ta da ƙarar da za ta kai gaban kowa. Me za ta ce? Ta ce ta leƙa ta taga ta hangi alfadari tsaye a tsakiyar gona da garma a bayansa, babu mutum? Sau nawa aka yi haka. Sai ta zaga bayan rumbu ta same shi ya kafa goge a ƙirji, ido a rufe.

"Lem, alfadarin ne zai ƙarasa huɗar shi kaɗai?"

"Wani sauti ne ya zo mini, Zella. In ban kama shi yanzu ba, tafiya zai yi."

"Lokacin shuka ma tafiya zai yi."

"Shi ai yana dawowa baɗi."

Wurin kawunsa ya koyi kiɗa, da gogen ƙwarya, kafin ya ba da maraƙi a ba shi na katako. Babu biki ko gayya a rafuka ukun yankin da za a yi ba a aiko masa ba. Amma kansa ba ya riƙe baiti. Hannunsa ba ya mantuwa, bakinsa kuwa rariya ne. Ozella ce ma'ajiyar waƙoƙi. Ta gaji na kakarta masu yawan gaske, tana rera su a bakin wanki ko tana yanka tuffa za ta shanya, shi kuma ya laɓe yana ɗaukar karin.

A 1924 ramin kwal da ke bayan dutsen ya rufta da mutum goma sha ɗaya. Lem ya san su duka, wasu tare suka yi wasan ƙasa. Ya yi wata guda bai taɓa goge ba, sannan ya fito da waƙa mai baiti goma sha ɗaya, kowane mamaci da nasa: sunansa, sunan ubansa, da abin da ya bari a duniya. Karin na wata tsohuwar waƙar kakar Ozella ne. Duk inda ya yi ta sai an yi kuka, kuma duk inda ya yi ta sai Ozella ta tsaya a bayansa tana raɗa masa sunan da ke biye.

Bayan shekara uku, Dovie Hensley, mai kantin bakin gada wadda kuma ita ke riƙe wasiƙun yankin, ta nuna wa Ozella wata sanarwa a jarida. Wani kamfanin faifan garmaho daga New York ya aiko mutum garin Ashby, zai yi kwana goma yana ɗaukar kiɗan makaɗan duwatsu a faifai. Ozella ta yanke takardar ta kai gida.

Lem ya karanta ya ce ba zai je ba, ƙudan zumarsa na shirin tashi daga amya.

"Zumar da ta yi shekara huɗu tana shirin tashi?"

"Bana da gaske take."

Kwana shida ta yi tana fama da shi. Ta kai yara huɗu gidan ƙanwarta, ta wanke baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci ta goge, ta dafa ƙwai, ta gasa burodin masara na guzuri. Ta ce ya zauna su bi waƙoƙin ko sau ɗaya, ya ce shi bai taɓa gwajin kiɗa ba, ba kuma zai fara don mutumin New York ba. Ta ce ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce nasa a fafe yake tun yana ɗan shekara tara. Suka hau keken alfadari zuwa tasha, suka shiga jirgin ƙasa, yana rungume da goge a cikin buhun fulawa, tana kallon taga don kada ta kalle shi.

A saman wani tsohon shagon kujeru aka kafa na'urar. An rataya barguna a bango, makaɗa sun cika matakala suna jiran layi. Mutumin kamfanin, Mista Whitcomb, gajere ne mai tabarau, zufa ta jiƙa masa riga. Ya nuna wa Lem inda zai zauna, ya ce in jar fitila ta kama ya fara.

Fitila ta kama, Lem ya fara, ƙafarsa ta dama ta fara dukan daɓen katako kamar yadda ta saba. Allurar da ke zana sauti a kan kaki ta yi tsalle, faifai ɗaya ya lalace. Aka ce ya daina buga ƙafa, ya ce ƙafar ce ke kiɗan, hannu bin ta kawai yake yi. Aka cire masa takalmi aka sa masa matashi a ƙasa. Aka sake farawa. Yana cikin baiti na shida Mista Whitcomb ya ɗaga hannu.

"Waƙar ta yi tsawo, Mista Stidham. Minti uku faifai ke ɗauka. Ka zaɓi baiti biyar."

"Mutum goma sha ɗaya ne suka mutu, yallaɓai."

"Na ji. Ka zaɓi biyar."

"To waɗanne zan bari a ramin?"

Mista Whitcomb ya cire tabarau ya goge. "Ko ka ƙara sauri."

"Ba a gudu da gawa."

Ozella na tsaye a jikin bargo, ta ga mijinta ya sunkuya yana lalubar takalminsa. Ta san wannan lalube, tafiya zai yi. Kwana shida na magiya da jirgin ƙasa da ƙwan da ta dafa duk za su bi ruwa. Ta ɗauki wani faifai da ke kan tebur ta juya shi.

"Yallaɓai, wannan abin ba fuska biyu gare shi ba?"

Mutumin ya ce ɗaya fuskar ta kiɗan rawa ce, shi ke sayar da faifai, ba wanda zai sayi makoki gaba da baya. Ta ce ya leƙa matakala ya tambayi mutanen da ke jira ko akwai wanda bai da ɗan'uwa a ramin kwal. Bai leƙa ba. Ya dubi agogo, ya dubi Lem da ya riga ya sa takalmi ɗaya, ya ce to.

Fuska ta farko ta tafi lafiya. A ta biyu, wajen mamaci na takwas, Lem ya buɗe baki babu abin da ya fito. Ozella ta ɗauki baitin daga bayansa ba tare da ta yi shawara da kanta ba. Kaki na uku ya lalace, amma Mista Whitcomb ya tsaya yana kallonta. Ya ce ta matso kusa da bututun ɗaukar sauti, su yi tare daga farko. Haka aka ɗauka, muryarsa a ƙasa, tata a sama, har suna na ƙarshe.

Da faifan ya iso kantin Dovie bayan wata huɗu, Lem ya ɗaga shi ya karanta rubutun tsakiya. An sa Lemuel Stedman. Sunan Ozella kuwa babu shi ko kaɗan. Ta ce ita wannan bai dame ta ba, ko da yake ya dame ta. Shi kuwa ya ajiye faifan a kan kanta ya fita, ya yi mako guda yana tsakurar abinci.

"Harafi uku ne fa, Lem."

"Kakana ya hau dutsen nan da sunan Stidham. Ban san wani Stedman ba."

Ba su da garmaho a gida, Dovie ce mai shi. Ranar Asabar kantin kan cika da matan mamatan, su zauna a kan buhuna, a juya hannun garmahon, kowace tana jiran a zo kan nata. Matar Harve Sizemore, wanda sunansa ne na ƙarshe, takan zo da rana tsaka in babu kowa, ta ce a sa mata bayan faifan kawai. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara ɗankwali, ta tafi ba ta sayi ko allura ba. Faifai uku Dovie ta sauya saboda ita. Duk sanda Ozella ta tarar da matar a can, takan koma gida ta zuba wa Lem wake fiye da na kullum.

Shekara ta wuce, biyu, uku, ba labarin kamfani. Ozella ta ɗauka sun manta da su. Sai wata rana a 1931, Dovie na auna mata gishiri, ta ce, "Ashe dai mutanen New York ɗin nan sun gaji da rubutu."

"Wane rubutu?"

Dovie ta ajiye mudun. "Bai gaya miki ba? Wasiƙa huɗu suka aiko. Kowacce na miƙa masa sai ya duba ya ce ba tasa ba ce, ta Stedman ce, in mayar. Na ce Lem, wa ke goge a Rafin Laurel in ba kai ba? Ya ce doka ta hana buɗe wasiƙar wani. Ta ƙarshen kati ce ba ambulan, na karanta, Allah ya yafe mini. Cewa suka yi faifan ya karɓu, ku zo ku biyun a ɗauki waƙa goma sha biyu, su za su ɗauki nauyin jirgi."

Ozella ta bar gishirin a kan kanta. Mil biyu ne zuwa gida, ba ta san ta yi su ba. Ta same shi wajen amya yana hura wa zuma hayaƙi.

"Lemuel, wasiƙa huɗu."

Bai ko juyo ba. "In suna nemana su rubuta sunana."

"Sun ce mu biyu. Ni ka tambaye ni?"

Ya ajiye abin hura hayaƙin. Can ya ce, "Ke ma ai ba matar Stedman ba ce."

Kwana tara ba ta yi masa magana ba, shi kuma sai a na huɗu ya lura. Ta zauna ta rubuta wa kamfanin da hannunta, aka dawo mata da takardar ba a buɗe ba. Matsin tattalin arzikin da ya faɗa wa ƙasar a shekarun nan ya riga ya rufe kamfanin. Ihu bayan hari ta yi.

Sau ɗaya dama ta sake leƙowa. A 1936 wani gidan rediyo a Ashby ya nemi Lem ya riƙa kiɗa kowace Asabar da safe. Ya sa baƙar kwat ya tafi, kafin la'asar ya dawo. Wai sun ba shi wando mai faci da yagaggiyar malfa ya sa, su kuma riƙa kiransa da wani sunan barkwanci na ɗan ƙauye.

"Rediyo ne fa," in ji Ozella. "Wa zai gan ka?"

"To in ba mai ganina, me ya sa suke so in sa tsumma?"

Ta juya ta shiga kicin. Kwana biyu ta yi tana jin haushin ya fi ta gaskiya fiye da haushin aikin da ya kuɓuce.

Daga nan sai rayuwa ta miƙa yadda ta saba miƙawa a duwatsun. Lem ya kama aiki a injin yanka katako, injin ya cinye masa ɗan yatsan hannun hagu. Ozella ta ɗauka goge ya ƙare, har ta kama kanta tana baƙin ciki. Kafin wata shida ya koya wa sauran yatsu ukun aikin huɗu. 'Ya'yansu biyar suka girma, huɗu suka tafi Ohio aikin masana'anta, ba wanda ya gaji kiɗa, ta gode wa Ubangiji. Ranar Lahadi bayan coci baranda kan cika da makaɗa daga rafuka na nesa, sun zo ganin yadda Kawu Lem ke jan bakan goge. Bai taɓa hana kowa ba. Su zauna har yamma, su cinye tukunyar wakenta da burodin masara, su tafi da kiɗansa a kunne. Bayan shekaru sai a ji kiɗan a rediyo, wani ya sa masa sabon suna ya ce nasa ne.

"Ka ji? Naka ne wannan," Ozella kan ce. "Ko sunanka bai ambata ba."

Lem ya kasa kunne, fuska a murtuke. "Ya ɓata gaɓa ta biyu. Sauka ake yi a nan, shi ya hau. Ɗauko takarda, Zella, ki rubuta masa ya gyara."

"Yau ka san amfanin wasiƙa."

Ta rubuta kuwa, ya fi sau goma a tsawon shekaru. Ba wanda ya taɓa ba da amsa.

A bazarar 1963, Lem na da shekara saba'in, wata ƙaramar mota ta hawo hanyar rafin ta tsaya a ƙofar gida. Ozella na kicin, hannunta cikin ƙullu, tana jiyo su ta taga. Mutum biyu ne daga wata jami'a ta arewa, namiji mai gemu da mace mai wando. Sun ce sun sami wani tsohon faifai, sun yi shekara biyu suna neman wanda ya yi shi, Lemuel Stedman, ko kabarinsa ne a nuna musu.

Ta ji mijinta ya ce, cikin ladabi, "Babu mai wannan suna a nan, 'ya'yana. Ku gwada gundumar gaba." Har da kwatanta musu hanya.

Kafin ta goge hannu mota ta juya. Ozella, da shekara sittin da uku da ciwon ƙugu, ta fita ta ƙofar baya, ta ratsa gonar taba, ta gangara ta cikin ƙaya, ta riga motar isa mashigin rafi inda dole ta rage gudu. Ta tsaya a tsakiyar hanya, ƙullu har gwiwar hannu, numfashi na neman gagararta.

"Wancan tsohon da ya sallame ku, shi ne. Ku koma. Stidham za ku ce, ku faɗe shi a hankali, kada harafi ɗaya ya zame."

Matar ta fito daga motar ta riƙe ta. "Iya, ko kin san macen da ta yi waƙar tare da shi? An daɗe ana gardama a kanta. Wasu sun ce ƙanwarsa ce, wasu sun ce mawaƙiyar kamfani ce."

"Ku kai ni gida tukuna," in ji Ozella. "Na bar tanda a kunne."

Kwana biyar baƙin suka yi suna ɗaukar sautinsu a barandar, shi da gogensa, ita da waƙoƙin kakarta har guda sittin da wani abu. Shekarar da ta biyo aka gayyace su wani babban taron kiɗa a bakin teku. Wannan karon Ozella ta karɓi wasiƙar da kanta daga hannun 'yar Dovie, ta ɓoye takalmansa na gona don kada ya ce zai leƙa zuma. Mutane dubbai ne zaune a kan ciyawa, yawancinsu ba su taɓa ganin ramin kwal ba. Aka ba su minti goma sha biyar. Lem ya hau da baƙar kwat, ya zauna, ya ɗora goge a cinya, ya fara ba da labarin mamatan ɗaya bayan ɗaya, wane ɗan wane, wane ya bar mata da ciki, wane ranar ce farkon shigarsa rami. Minti goma sha biyu yana magana. Ozella na tsaye a bayansa tana taka masa dunduniya, bai kula ba. Mai kula da lokaci ya ɗaga hannu, ya dubi jama'a, ya ga ko tari ba mai yi, ya sauke. Sannan Lem ya ja baka. Suka yi rabin awa a kan dandamalin. A jirgin dawowa ta gaya masa cewa ya yi kiɗa mai kyau, ya ce tsirkiya ta uku ta ɗan saki.

A watan Maris na 1966 ciwon huhu ya kwantar da shi, bayan kwana takwas ya rasu. Ya bar wasiyya a binne shi a ƙwanƙolin dutsen bayan gida, inda babu hanya, alhali ga maƙabartar coci a fili kusa da titi. An yi mako ana ruwa. Maza shida suka ɗauki akwatin suna zamewa a taɓo, sau biyu suna ajiyewa su huta. Ozella na biye da sanda, tana gaya wa babbar 'yarta Verna cewa mutumin nan ko a mace sai ya zaɓi hanyar da ta fi wuya. Da aka kai sama aka sauke shi, ta zauna a kan dutse ta yi kukan da Verna ba ta taɓa ganin ta yi ba.

Ta ƙara shekara goma sha uku a gidan, ta ƙi komawa Ohio duk da magiyar 'ya'yanta. Baƙi ba su daina zuwa ba, wasu har daga ƙetaren teku, kowa da gogensa a akwati. Ta ba su wake, ta saurari kiɗansu, ta gyara musu baitin da suka karkatar. Wata shekara aka aiko mata da wani littafi a kan mutanen farko da suka sa kiɗan duwatsu a faifai, da shafi uku a kan Lem. Idonta ya riga ya yi rauni, sai jikarta ta karanta mata. Marubucin ya ce Lemuel Stidham mutum ne mai sauƙin kai, wanda duniya ba ta ba shi dama ba. Ozella ta ce a maimaita mata wurin. Aka maimaita. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka kawo mata ruwa. Da ta sha, ta ce a ci gaba, tana so ta ji sauran.